Malafar Oga Udochukwu

Tudun Wada, Zariya
4 ga Satumba

Zuwa ga amaryata Surayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar Inna Ishatu ta yi sauƙi, jiya har Gyallesu ta taka wajen suna. Ni ne dai kunnuwa suka ƙara nauyi. In kika kira ni a waya sai in ga bakinki yana motsi kamar na kifi, ba na jin komai. Shi ya sa na koma ga alƙalami. 'Yata Jannatu za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki, in kin ba da amsa ta buga mini a shagon kwamfuta na Kongo da manyan baƙaƙe.

Tun da yayana, kakanki, ya rasu, ni na gaje ki. Saboda haka wannan aiken miji ne, ba roƙo ba.

Kin san ɗakina na soro, wanda kuke leƙawa kuna yara kuna dariya. Malafun Turawan da ke ciki yanzu sun kai talatin da huɗu. Shekara arba'in da 'yan kai ina wanki da guga, a nan na tara su. Wasu malaman jami'a ne suka bar mini da za su koma ƙasashensu, wasu na tsinto su a ƙasan dilar 'yan gwanjo, an danne su da takalma. Mutane suna cewa Malam Gwadabe ya tara huluna. Ba su san abin da suke kallo ba. Surayya, ba saƙa ba ce, ba kuma ɗinki ba. Ki sa ido iya ganinki, ba za ki ga zare ko ɗaya a jikinta ba. Gashin dabba ne kurum ya kama gashin dabba, ya zama abin da ruwan sama ba ya ratsawa. Har yau in na riƙe ɗaya sai in yi tasbihi.

Ga maganar. Jannatu ta nuna mini sunan garin da kike karatu a can Italiya, sai na gane shi, domin sunan nan yana rubuce a shafin wata malafa da ke wurina. Ina so ki nemo mini guda ɗaya ta garin nan, tsohuwa, ba sabuwa ba. Awon kai inci ashirin da biyu da rabi. Ba kowace nake so ba, mai bakin nan irin na da nake so. Kuma lallai ta iso kafin tsakiyar Disamba. Kada ki tambaye ni dalili yanzu.

Ki riƙe salla, ki ci abinci.

Angonki,
Gwadabe

*

19 ga Satumba

Kaka,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Ni lafiya ƙalau, sai kewar tuwon gida. Angon da bai taɓa aiko mini ko goro ba, yau shi ne da aike har ƙetaren teku! To, na ji, na kuma cika.

Akwai kasuwar tsofaffin kaya da ke ci duk Lahadi a bayan tashar jirgin ƙasa. Lahadi biyu ina zagaye da tef ɗin awo a jaka. Ta farko ban samu komai ba sai masu ramin asu. Ta biyu na faɗa kan wani dattijo mai rumfar malafu zalla. Da na ce masa kakana ne a Nijeriya yake tara su, sai ya cire tabarau ya dube ni, ya sunkuya ya jawo wani akwatin kwali daga ƙarƙashin tebur.

Kaka, na yi maka dariya shekara da shekaru, yau na tuba. Da ya ɗora mini ita a tafin hannu sai na duba ko da gaske ya sake ta, don ban ji nauyin komai ba. Ya karɓa ya dunƙule saman a hannunsa kamar zai yar, na yi ƙara, ya buɗe hannu, ta miƙe ta koma yadda take ba ko alama. Ya ce ta girme ni da shekara talatin. Ya ce gashin zomon daji ne aka haɗa da na wata dabbar ruwa mai faffaɗar jela, wadda ke tare kogi da itace. Babu irinta a ƙasarmu.

Ka ce mai baƙin nan irin na da. Wallahi ban gane nufinka ba sai da na gan ta. Baƙin yanzu yana ƙyalli, wannan kuwa haske ne ke shiga bai fito ba. Sunan garin yana nan a shafinta da ruwan zinariya, awon kuma daidai.

Auwal, wani ɗan Kwangila da muke makaranta ɗaya, zai je gida bikin wansa ƙarshen wata. Ya yi rantsuwa a cinya zai riƙe akwatin har Kano. Tukuicina shi ne ka gaya mini dalilin.

Amaryarka,
Surayya

*

Tudun Wada, Zariya
8 ga Oktoba

Surayya,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Kowa lafiya. Idona na dama ne yake ɗan yi mini hazo, ba wani abu ba.

Auwal ya kawo saƙo, yaron kirki. Na wanke hannu kafin in buɗe. A cikin talatin da huɗun nan babu wadda ta kama ƙafarta. Na zauna da ita a cinya tun hantsi har aka kira azahar, ina shafa ta kamar bayan kyanwa. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji wanda ya fi ni.

Amma ba ita ba ce. Laifin hannuna ne, ba naki ba. Jannatu ta nuna mini hoton takardata, na ga rawar hannu ta sa wa harafin lanƙwasa. Baki na rubuta, ba baƙi ba. Bakin malafa, gefenta. Wadda nake nema ruwan toka ce, kuma an naɗe bakinta ya koma cikin jikinta ba tare da ɗinki ba, in kika bi shi da yatsa sai ki ji kamar leɓen tulu. Ta wurinki da keke aka ɗinke nata.

Yanzu dole in biya tukuici. Kin san Ejike, mai shagon kayan keke, abokina. Mahaifinsa, Oga Udochukwu, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a da. Bayan yaƙin basasa ya dawo Zariya ba shi da komai sai iyalinsa da malafar kansa. Duk Lahadi in ya fito zai tafi coci da ita, har masu shayi sukan daina zuba ruwa su bi shi da kallo. A shekarar 1978, ban daɗe da buɗe shago ba, ya kawo mini ita ana saura kwana biyu auren 'yarsa Eucharia. Ya ce in kakkaɓe mata ƙura kawai. Ni kuwa da ƙuruciya da son a yaba, na tafasa ruwa na wanke ta da sabulu, na bi ta da dutsen guga na gawayi. Ta fito kamar faifan da akuya ta kwana a kai, ga tabon ƙuna a gefe.

Da ya zo karɓa na kasa ɗaga kai. Ya juya ta sau biyu, ya ajiye mini a kan tebur, ya ce, "Gwadabe, riƙe ta. Ka koyi sana'a." Ya kai 'yarsa coci da kai a buɗe. Mako na zagayowa ya aiko da wankinsa kamar kullum, haka kuma ya ci gaba har ya bar duniya. Bai sake tayar da maganar ba. Ejike ma, shekara arba'in da biyar muna zama a benci ɗaya, bai taɓa goranta mini ba ko da wasa.

Tun ranar nake neman irinta, neman ne ya zama tarin da kike gani. Ita kuwa tana nan cikin adaka da kafur.

Matar Ejike ta rasu bara. 'Ya'yansa sun matsa, zai rufe shago ya koma garinsu gaba ɗaya kafin Kirsimeti. Daga ni har shi babu mai ƙarfin doguwar tafiya kuma. In ya tafi, shi ke nan. Ba na so ya tafi hannuna bai miƙa masa komai ba.

Na sa Jannatu ta ɗauki hoton tsohuwar ta kowane gefe. Ki sake dubawa, don Allah.

Gwadabe

*

22 ga Oktoba

Kakana,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, ina fata idon ya washe. Na karanta wasiƙarka sau uku. Ba zan ce komai a kanta ba, don in na fara ba zan gama ba.

Na koma wurin dattijon da hotunan. Yana ganin bakin ya girgiza kai, ya rubuta mini adireshin wata tsohuwa. Shekararta tamanin da huɗu, tun tana 'yar sha huɗu take aikin malafa, har babbar masana'antar garin ta rufe. Yatsunta duk sun karkace. Ta kawo wayar dab da hancinta, sannan ta ce mahaifinta yana cikin mutum biyar da suka iya wannan bakin a garin, kuma dukansu sun mutu da shi. Tun malafar tana ɗanya ake naɗe shi, ba a iya ƙara shi daga baya. Ta ce ka bar neman irinta, Kaka. Ko a nan sai a shekara goma ba a ga ɗaya ba.

Amma ba ta sallame ni ba. Ta ɗauki sandarta ta kai ni wani ƙaramin wurin aiki da ɗan ƙanenta yake riƙe da shi. Da ma kai ne ka tsaya a inda na tsaya! Ana auna gashi, ɗan abin da bai cika tafi biyu ba, a hura shi cikin iska kamar audugar rimi. Akwai wani babban mazurarin tagulla a kife, mai ƙananan huji, yana juyawa yana zuƙo iska. Sai gashin ya riƙa sauka a kansa a hankali har ya lulluɓe shi. Abin da aka zare ya kai tsayin yaro ɗan shekara uku, kuma in ka yi atishawa kusa da shi zai watse. Daga nan sai ruwan zafi da murzawa, a naɗe, a murza, a sake tsomawa. Ina kallo yana tsukewa yana ƙara ƙarfi, har ya dawo abin da namiji ya ja da hannu biyu bai yage ba. Babu zare, kamar yadda ka faɗa. Ban san ina cewa Subhanallahi da ƙarfi ba sai da ma'aikatan suka juyo.

Na ba ta labarin ruwan zafinka da dutsen guga. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Da ruwan zafi aka haife ta, ruwan zafi ba ya kashe ta. Asu ya ci ta?" Na ce kafur take kwana da shi. Ta ce, "To tana da rai. Ya tashe ta."

Ga abin da ta ce, na rubuta a gabanta. A farke fatar ciki da ɗamarar waje a ajiye. A sassaƙa itace mai siffar kai daidai awon, a goge shi sumul. A kafa malafar a kan tururi har ta yi laushi, domin akwai wani ƙaro a jikinta da tururi ke farkar da shi. A ja ta a kan itacen da tafin hannu, kaɗan kaɗan, a ɗaure gindin da igiya. Tabon ƙuna a bi shi da samfefa mafi laushi, kamar ana shafa fuskar jariri. Ta bushe a inuwa kwana uku. In ba ta yi ba a sake. Ta ce kada ka yi gaggawa, kada kuma ka ba wani.

Na tambaya ko a kawo mata ita nan. Ta nuna mini yatsunta, ta ce naka sun fi nata yanzu.

Ina jiran amsa.

Surayya

*

21 ga Nuwamba

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya. Yau wata guda ke nan da na rubuta maka, ban ji daga gare ka ba. Na kira Anti Jannatu sau huɗu, kullum sai ta ce kana lafiya, kana hutawa, ta yi sauri ta kashe. Na san muryarta in tana ɓoye abu.

Na koma na karanta abin da na rubuta maka. Na ga inda na ce ka bar neman irinta. Idan a nan ka tsaya ka ninke takardar, don girman Allah ka buɗe ka karanta har ƙasa. Ba cewa na yi ka haƙura ba. Idan kuma dariyar tsohuwar ce ta ɓata maka rai, ni na yi kuskuren rubuta ta, ka yafe mini. Ba kai take wa dariya ba.

In kuwa jikinka ne, ina da haƙƙin a gaya mini. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Surayya

*

Tudun Wada, Zariya
27 ga Nuwamba

Amaryata mai saurin fushi,

Lafiya lau nake, kowa ma lafiya. Ni na hana Jannatu magana, don na san kina jarrabawa. Hazon nan ashe yanar ido ce. An yi mini aiki kwana biyu kafin wasiƙarki ta Oktoba ta iso, likita ya hana ni karatu da sunkuyo da kusantar tururi. Jannatu ta yi ta karanta mini da ƙarfi a kunne, abin da na tsinta kawai shi ne "bar neman irinta". Ba zan ɓoye miki ba, na yi kwanaki ba na cin abincin kirki. Sai ranar da aka ba ni sabon tabarau na karanta da idona har ƙasa. Na tashi na yi raka'a biyu.

Surayya, ashe na daɗe ban ga duniya ba. Na shiga soro na tsaya kamar baƙo. Malafar da nake kira baƙa ashe shuɗiya ce mai duhu. Wata ashe kore ce, irin koren ganyen kuka busasshe. Shekara nawa ina goge su ban san fuskarsu ba!

Kailani masassaƙi, mai yin turmi, ya sassaƙa mini kan. Sau biyu ina mayar masa, ya ce shi bai taɓa ganin mai sayen kai da tsirfa irina ba. Shekaranjiya na ɗora butar shayi a kan gawayi na kafa malafar Oga a bakin tururi. Can sai na ji ta saki, ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya, wani ƙamshi ya taso, man gashin da Oga yake shafawa. Na ajiye ta na fita tsakar gida sai da na nutsu.

Jan farko bai yi ba, gefe ɗaya ya karkace. Gobe zan sake. Motar Ejike ranar sha takwas ga Disamba za ta tashi. Ki taya ni addu'a.

Gwadabe

*

Tudun Wada, Zariya
19 ga Disamba

Surayya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kin gama jarrabawa lafiya. Ejike ya tafi jiya da safe.

A ja na huɗu malafar ta tsaya. Tabon ya fita, sai ɗan inuwarsa da ni kaɗai na san wurin. Na mayar da fatar ciki da allurata, na ɗaura mata ɗamararta ta asali. Bakin nan kuwa, da ya sha tururi, ya murɗo da kansa kamar jiya aka yi shi.

Ranar Asabar na kai masa shago a cikin akwatin da kika aiko. An kwashe kaya, ba komai sai benci da kwalaye. Na ce, "Ejike, ga kayan babanku. Na daɗe da shi." Ya buɗe. Ya daɗe bai taɓa ta ba. Sannan ya ɗaga fatar ciki ya ga haruffan sunan mahaifinsa. Na ga bakinsa yana motsi, na nuna masa kunnena. Ya matso ya yi ihu, "A ina ka same ta?"

Na ce, "A ina kuwa? Ai ita ce wadda na ƙona."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Na sake ba shi labarin tun daga tafasa ruwa. Yana ji yana girgiza kai. Ya ciro waya ya kira Eucharia, wadda ke can garinsu da jikokinta, ya nuna mata malafar. Na ga tsohuwa ta ɗora hannu biyu a ka. Suka yi ta magana da harshensu, shi yana share ido da bayan hannu. Da suka gama ya yagi murfin kwali, ya rubuta mini da manyan baƙaƙe don kada in rasa ko kalma ɗaya:

"Papa ya ce mana iska ce ta ɗauke ta ta tagar jirgi a hanyar Kaduna. Mama ta yi masa faɗa har ranar bikin. Bai taɓa ambaton sunanka ba."

Surayya, shekara arba'in da biyar ina zaton Ejike ya sani yana yi mini kara. Ashe babu wanda ya sani a duniya sai ni da mutumin nan. Ya koma gida ya ɗauki faɗan matarsa a kan wautar yaron da ba ɗansa ba, ba danginsa ba, don kada a ce a unguwa sabon mai wanki ya ƙona kayan mutane. Da maganar ta fita a lokacin, da wa zai sake kawo mini ko hankici? Da wannan shagon na yi aure, da shi na reni 'ya'yana. Ina cin abinci a ƙarƙashin rufin asirinsa ban sani ba.

Muka zauna a bencin nan, tsofaffi biyu.

Jiya na raka shi tasha. Ya sa fararen kaya. Sai da direba ya tayar da mota sannan ya buɗe akwatin, ya kama ta da yatsu uku ta gaba, ya ɗora, ya ɗan karkata ta hagu. Ban koya masa ba, ban kuma ce ya taɓa lura ba. Surayya, Oga Udochukwu na gani a tagar motar nan. Ban san lokacin da na cire hannu daga aljihu na tsaya sosai ba, kamar ina ɗan shekara ashirin da biyar. Ya taɓa bakin malafar da yatsa, motar ta ja.

Ki je wurin tsohuwar nan takanas, kada ki aika. Ki durƙusa ki gaishe ta irin gaisuwarmu. Ki ce mata mai wankin Zariya ya ce ta tashi, kuma ta tafi gida a kan ɗan mai ita.

Kakanki,
Gwadabe